Yaron Da Ba Ya Cin Nama Ma Baƙo Ne

A birnin Katsina, duk uwar da ta zauna lissafin walimar ɗanta, ta zagayowar ranar haihuwa ce ko ta sauka ko ta gama firamare, da kaji take farawa. Yara nawa za su zo, kaji nawa za su isa, kowace kaza gida nawa za a raba ta. Sai an kammala wannan lissafi ake tunawa da shinkafa da lemo da kek. Mai girkin biki ma in an kira ta, tambayarta ta farko ita ce, "Hajiya, kaza za a sa ko naman sa?" Daga GRA har lungunan Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa, robar da ake miƙa wa yaro kusan iri ɗaya ce: jalof ko soyayyar shinkafa, tsoka a bisa, lemo a gefe.

Abin da ke riƙe da wannan tsari wata magana ce da muka ɗauka ba ta da ja, wato walima ba ta amsa sunanta sai da nama, kuma babu ɗan Bahaushen da ba ya cin nama sai wanda aka sangarta. In aka ce wa kaka ɗan wance ba ya ci, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Wane irin yaro ne wannan? Ku ƙyale shi, yunwa za ta koya masa." In aka ce wa maigida a tanadi wani abu dabam, sai ya ce, "So kuke a fita da mu a ce mun yi rowa?" Wasu kuma su ce salon Turawa ne aka kwaso daga waya.

Masu wannan magana iyayenmu ne da yayyenmu, kuma na san daga inda ta fito. Daga karamci ta fito. Mutumin da ya tashi ba ya ganin nama sai da Sallah ko ranar suna, in Allah ya hore masa, burinsa 'ya'yan maƙwabta su ci su lashe hannu a gidansa. Kuma gaskiya ne, a yadda rayuwa ta yi tsada, cikin yaran da ke zuwa walima akwai waɗanda tukunyar gidansu ta daɗe ba ta ga tsoka ba, cinyar kazar nan kuwa farin ciki ce gare su na haƙiƙa. Don haka ban zo in ce a janye kaza daga walima ba. Abin da nake ja a kai shi ne cewa yaron da ba ya ci babu shi, ko kuma in akwai shi laifinsa ne, kuma tanadar masa abinci ƙasƙanci ne ga mai gida.

Yaran nan akwai su, kuma duk malamar firamaren da ke zama da yara lokacin tara ta san su. Akwai wanda tun yaye ƙarnin nama ke tayar masa da zuciya, ko an ɓoye shi cikin miya sai ya gane ya furzar. Akwai wanda ya shaƙu da ragon layya, ya yi makonni yana kai masa dusa da harawa, aka yanka shi a gabansa, daga ranar ya daina. Irin wannan sau da yawa yakan dawo da kansa in ba a matsa masa ba. Akwai wanda kifi ko ƙwai ko jan nama ke sa masa borin jini, jiki ya yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, wani har numfashi ya sarƙe. Likitoci a Amurka da Afirka ta Kudu sun tabbatar da wani nau'in wannan ciwo da cizon kaska ke haddasawa, inda mutum kan ci jan nama lafiya lau, sai bayan wasu sa'o'i jikinsa ya rikice. Akwai kuma yaron da likita ya tsara wa abin da zai ci saboda wata lalura, iyayensa ba sa son su yi ta bayani a gaban jama'a.

Sannan Katsina gari ne na baƙi tun fil azal, tun zamanin da ayari ke saukowa daga Agadas. Yau ma Asibitin Koyarwa na Tarayya da jami'o'i da kamfanoni suna kawo mutane daga nesa, 'ya'yansu kuma suna aji ɗaya da namu. Dattawan da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 ba su manta malamansu Indiyawa na lissafi da kimiyya ba. A ƙasar waɗancan malamai, binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2021 ya nuna kashi 39 cikin 100 na manya sun ce ba sa cin nama, har doka ta sa ana buga koren ɗigo a jikin kayan abincin da babu nama a ciki. Maƙwabtanmu 'yan Katolika su ma suna ƙaurace wa nama ranakun Juma'a a lokacin azuminsu. Duk Bakatsinen da ya taɓa kai iyalinsa karatu Ingila ko jinya Indiya ya san damuwar uban da aka gayyaci ɗansa cin abinci, bai san abin da za a zuba masa ba, ya kuma san daɗin da ake ji idan mai gayya ya riga shi tambaya, "Me ɗanka ke ci, me ba ya ci?" Abin da muke so a yi wa namu a can, shi ya kamata mu yi wa na wasu a nan.

Wasu kan shigo da addini, su ce ƙin nama haramta halal ne. Hukuncin da suke tsoro gaskiya ne: ba wanda ke da ikon ya ce abin da Allah ya halatta haramun ne, kuma layya da ragon suna suna nan daram. Amma barin abu saboda rai bai karɓe shi ba wani babi ne dabam. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaye shi ko haramun ne, ya amsa cewa ba haramun ba ne, sai dai ba abincin ƙasar mutanensa ba ne, ransa kuma bai so shi ba. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Babu wanda ya tilasta wa wani, babu wanda ya kushe wa wani. Abu Huraira ya ba da labarin cewa Annabi bai taɓa aibata abinci ba, in ya so ya ci, in bai so ba ya bari. An san yana son naman karfata, an kuma san yana son kabewa, kamar yadda Anas ya gan shi yana bin ta a gefen akushi. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, Sayyadina Umar ya ja kunnen mutane kan lazimtar nama saboda yadda sabonsa ke kama mutum. In manya sun sami wannan sarari, ɗan shekara shida ya fi cancanta da shi.

Maganar cewa al'adarmu ce a ɗora wa kowane yaro tsoka kuwa, a nan nake roƙon iyayenmu su tuna ƙuruciyarsu. A gidan Bahaushe na da, naman miya na kwanon maigida ne, yara sai abin da ya rage musu, wani lokaci ƙashi kawai. Ƙwai ma hana yaro ake yi, wai kada ya koyi sata. Ban kawo wannan don yabo ba, domin an tauye yara a nan, kuma gara da muka bari. Na kawo shi ne don a ga cewa robar jalof da cinyar kaza ita ce baƙuwa a cikinmu. Abincin da ya raini kakanninmu har suka yi noma, suka yi fatauci zuwa Gwanja, suka gina ganuwa, mafi yawansa hatsi ne da wake da ganye da nono.

A leƙa madafin Bahaushiya a ga arzikin da ke ciki. Ɗanwake da mai da yaji, a yanka masa tumatir da albasa da kabeji. Ƙosai mai zafi. Alale, na gwangwani ko na leda. Waina da miyar taushe wadda kabewa da gyaɗa da alayyafo suka ɗaure. Sinasir, funkaso, dambun shinkafa da zogale, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, garau-garau, faten wake, tubani. Miyar kuka kanta daddawar kalwa ce ke ba ta ƙamshin da ake jiyowa daga zaure, ko an sa nama ko ba a sa ba. A ɓangaren zaƙi ga alkaki da nakiya da dublan da cincin, waɗanda da su ake cika garar amarya, ba wanda ya taɓa cewa an yi mata rowa. Abin sha kuma zoɓo, kunun aya, kunun gyaɗa, fura da nono. Babu ɗaya a cikin waɗannan da muka aro daga waya.

Awara ta cancanci a tsaya a kanta. Ana jiƙa waken suya, a markaɗa, a tace, a dafa madarar, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a matse, a yanka a soya. Ita ce mutanen Sin da Japan suka daɗe suna ci da sunan tofu, wadda a manyan shagunan Turai ake sayar wa masu gudun nama da tsada. Mu kuwa ta shigo mana ta zauna har ta zama 'yar gida, a bakin kowace makaranta a Katsina akwai mai kaskonta, yara na layi da canjinsu. Yaron da ya ƙi alewa ya sayi awara da kuɗin tararsa ranar Laraba, shi ne muke jin kunyar ba shi ita ranar Asabar a gidan walima. Kunyar nan tamu ce mu manya, yaran ba su san da ita ba.

Sauran hujja mai nauyi ita ce ta lafiya, kuma ita ce ke hana uwa barci: "Yaron da ba ya cin nama ina zai sami ƙarfi?" Wannan tambaya ce ta ƙauna, ta cancanci amsa da lissafi. A giram 100 na ɗanyen naman sa akwai kimanin giram 20 na furotin, sinadarin da ke gina jiki. A giram 100 na busasshen wake akwai kimanin 23, a gyaɗa kimanin 25, a waken suya kimanin 36. Gaskiya ne in an dafa wake yakan sha ruwa, adadin ya ragu a kowane cokali, kuma furotin na nama ya fi cika. Amma abin da wake ya gaza a kai hatsi na da shi, abin da hatsi ya gaza a kai wake na da shi, shi ya sa shinkafa da wake, ko ƙosai da koko, suke cika juna. Iyayenmu mata sun haɗa su tun kafin a auna su a ɗakin bincike. Kuma muna zaune ne a tsakiyar ƙasar wake, domin Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin wakenmu, Nijar na bi mata, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya kuma ta shafe shekaru tana fitar da ingantattun irinsa.

Hujjar da ta fi ratsa ni tana cikin asibitocinmu. Tamowa na cin yara a jihar nan, kuma tun 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tare da ma'aikatar lafiya a Katsina don ceto su. Abin da ake ba yaron da ya rame har ƙashin haƙarƙarinsa ya fito, wata 'yar leda ce mai nauyin giram 92, wadda ke ɗauke da kuzarin kalori 500. A cikinta akwai markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin madara, mai, sukari, da bitamin da ma'adanai. Wani likitan Faransa, André Briend, tare da Michel Lescanne, suka ƙirƙiro ta a 1996, kuma a yunwar 2005 a Nijar, musamman a yankin Maraɗi da ke nan maƙwabtanmu, aka ga aikinta a kan dubban yara. Babu ko ƙwayar nama a ciki. Garin kunun da ake koya wa mata haɗawa a gida don yaran da suka fara ramewa shi ma gero ne ko dawa da waken suya da gyaɗa. Ba ina cewa nama ba shi da amfani ba, yana da shi ƙwarai, kuma da yaran karkara za su sami ƙari da an ji daɗi. Ina cewa ne abincin da ke tayar da yaro daga bakin mutuwa ba zai gaza riƙe lafiyayyen yaro na yini ɗaya a gidan walima ba.

Akwai iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, daga abincin dabba ake samun sa. Yaron da ke shan nono da madara ko yake cin ƙwai yana samu. Wanda ya bar su duka, iyayensa su kai shi wurin likita a tsara masa. Sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye ma jiki bai cika zuƙar sa kamar na nama ba, amma in an haɗa da tumatir ko lemun tsami ko gwaba yakan fi shiga. Wannan aikin iyayen yaron ne na yau da gobe. Mai walima abinci ɗaya kawai ake nema a hannunta.

A wajen wannan abinci ɗaya ne muka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Sai a ce wa yaro, "Cire tsokar ka ci shinkafar." To amma jalof ɗin da romon kaza aka dafa ta. Soyayyar shinkafar akwai yankakkiyar hanta a ciki. Dankalin a man da aka soya kaza aka tsoma shi. Alalen an sa masa garin kifi, samosar niƙaƙƙen nama ne cikinta, kek ɗin da ƙwai aka kwaɓa, wani dunƙulen magin ma na ɗanɗanon kaza ne. Ga wanda ƙarni ke damu, wannan amai ne. Ga wanda addininsa ya hana, an ci amanarsa bai sani ba. Ga mai borin jini kuwa yana iya zama gudu zuwa asibiti da magariba. Ɓoye wa yaro nama cikin abinci don a gwada ko da gaske yake, abu ne da nake roƙon kowace uwa da kowace kaka su bari har abada.

Gyaran ba shi da wuya. A saƙon gayyata a ƙara layi ɗaya: "In akwai abin da ɗanki ba ya ci, don Allah ki sanar da ni." A gaya wa mai girki tun ranar ciniki, ta ware tukunya ɗaya, da manta sabo, da ludayinta da kularta, ta fara soya awara da ƙosai kafin kaza ta shiga kasko. Tambayar za ta fito da wani abu da ya fi nama haɗari ga wasu yara, wato gyaɗa. Ita ce ginshiƙin girkinmu marar nama, tana cikin yajin ƙuli da miyar taushe da kunu, kuma a duniya tana cikin abubuwan da suka fi tayar da mummunan borin jini. Waken suya ma wasu ba sa jituwa da shi. Likitocin yara suna kuma gargaɗin kada a ba 'yan ƙasa da shekara biyar gyaɗa ƙwaya-ƙwaya don gudun shaƙewa. Sai a kula da zafi. Daga Maris zuwa Mayu Katsina kan kai digiri 40, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye ba wuta ba sanyi. Wannan ya shafi kaza, ya shafi alale da shinkafa, musamman in an rufe su da zafinsu a roba tun hantsi ana jiran baƙin la'asar.

Yadda za a miƙa abincin ya kai abincin kansa muhimmanci. In aka ɗauko roba ɗaya tilo aka ɗaga murya aka ce, "Ina yaron nan da ba ya cin nama?" an ciyar da shi, an kuma tsayar da shi a gaban sa'o'insa suna kallo. Yara ba sa mantuwa da irin wannan, kuma daga nan ake samun sunan tsokana da zai bi shi har aji. Abin da ya fi shi ne a sa babban faranti a tsakiya, awara da ƙosai da 'yan ƙananan waina da soyayyen dankalin Hausa, da yankan kankana da gwanda, kowa ya ɗiba. Kaza ta zo a nata kwanon, mai so ya miƙa hannu. Da haka wanda ba ya ci zai ƙoshi ba tare da an nuna shi da yatsa ba, yaron da ya zo da kwaɗayin kaza ya sami rabonsa, mai gida kuma ba wanda zai ce ta yi rowa, domin kala ta ƙaru a kan tabarma. Ga uwar da kuɗin kaji ya sa take tunanin fasa walimar gaba ɗaya, ko rage yaran unguwa daga gayya, wannan tsari sauƙi ne babba: kwanon wake da na waken suya suna ciyar da yaran da kuɗinsu ba zai saya musu nama ba.

Iyayen irin wannan yaro su ma akwai nasu nauyin. Kada kunya ta sa ku yi shiru har ranar walima, sannan yaro ya dawo gida da yunwa kuna jin haushin mutanen da ba su san komai ba. Ku kira mai gayya da kwana biyu ko uku, ku faɗi abin da ba ya ci dalla-dalla, ku bambance mata ko ƙi ne kawai ko kuwa lalura ce mai haɗari. In lalura ce, wani babba ya raka shi da maganinsa a hannu. In kun ga tanadin zai yi wa mai gida nauyi, ku ce za ku kawo kular ɗanwake ko ta awara gudummawa, wadda za ta ishi yara da yawa. Shi kuma yaron a koya masa abin da zai ce in wata gwaggo ta miƙo masa tsoka da fara'arta: ya rusuna ya ce, "Na gode Gwaggo, ba na ci, amma zan ci waina."